Alama a Jikin Ɗorawar Goggo

Shagona yana bakin tasha a Makoda, tsakanin mai faci da mai shayi, kuma abin da nake cin abinci da shi inji ne guda ɗaya, injin yankan sitika. Na hannu na sayo shi a Kano, wajen wani da ya gaji da gardamarsa. Aikinsa ba wuya a faɗe. Ka zana abin da kake so a kwamfuta, ka zura masa ledar sitika mai gam a baya, sai wata 'yar wuƙa kamar bakin allura ta yi ta kai da komo tana tsaga ledar ba tare da ta taɓa takardar da ke ƙasa ba. In ya gama ƙararsa, kai kuma ka zauna da tsinke kana tsince abin da ba a so. Masu babur rubutun kansa suke so, su liƙa a tanki. Wannan ya ce a rubuta masa haƙuri, wancan ya ce a rubuta habaicin da zai ƙona ran maƙwabcinsa. Amma in ka tsince rubutun ka bar kewayensa, ka samu abin da masu fenti ke kira sitansil. Ka manna shi a bango ko a ƙofa, ka fesa fenti, ka ɓare, rubutu ya zauna daram. Makarantun islamiyya da masu kemis da 'yan siyasa in lokacinsu ya zo, duk sun san hanyar shagona.

Ƙauyenmu ba nisa, tafiyar babur ce da ba a gajiya. Wajenmu gona ba ta hutawa kuma ba ta da sarari. Inda taka ta ƙare nan ta wani ta fara, iyakar kawai layin gamba ne ko na lalle. Saboda wannan matsin muka tashi da wata al'ada da mutanen birni suke yi wa dariya: ƙasa daban, itace daban. Sai ka ga gona ta wane ce, amma kukar da ke tsakiyarta ta wata tsohuwa ce a wata unguwa, mai gona ya yi nomansa a kewaye, in lokacin ganye ya zo ta turo jikokinta. Ba a rubutawa. Kowa ya sani, kuma a da sanin kowa ya isa.

Haka ɗorawar Goggo take. Goggo ƙanwar mahaifina ce, ita kaɗai ce mace a 'ya'yan kakanmu, kuma ita kaɗai ta rage, don mahaifina da yayansa Baffa duk sun riga mu gidan gaskiya. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita ta yaye ni, ita ta riƙe ni, da mijinta ya rasu muka dawo gidan kakanmu tare. Ɗorawar tana tsakiyar gonar gandunmu, wadda ba a taɓa rabawa ba. Kakanmu ya ba ta ita da bakinsa tun tana amarya, ya ce maza suna da ƙasa, ita ga abin da za ta riƙa sa wa a miya. A duk rayuwarta wannan ne abin da wani ya taɓa nunawa ya ce nata ne.

Ba ƙaramar itaciya ba ce. Manya biyu ba sa haɗa hannu a gindinta. In bazara ta yi, 'ya'yan suka nuna suka yi baƙi-baƙi, sai a kaɗo su da ƙugiya, mu ɓare. Garin mu sha, ɓawon a jiƙa a yi makuba a daɓe ɗaki, kalwar kuwa ita ce dukiyar. Goggo ta dafa ta, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe a kwando har ta ɗauki wari, sannan ta daka ta shanya. Daddawarta har daga Kunci ake aikowa a saya. Na sha tsokana a firamare kan warin da ke bin rigata, na kuma fasa bakin wasu a kan haka, amma da wannan warin aka ɗinka rigar. Ko yaro ka tambaya hanya a ƙauyenmu zai ce maka ka miƙe har ɗorawar Goggo, ka yi dama.

Sai masu injin yankan itace suka fara shigo mana. Gidajen burodi a birni suna cin itace kamar wuta a kara, dillalai suka riƙa bin ƙauyuka suna tayawa. Wata safiya aka kayar da tsamiyar wata baiwar Allah a gonar maƙwabtanmu, mai gonar ya ce shi bai san tata ba ce. Ƙarya yake yi, amma itacen ya riga ya hau mota. Bayan wannan rigimar mai unguwa ya sa aka yi shela cewa duk mai itace a gonar da ba shi kaɗai ke da ita ba, ya sa masa alama da fenti, kuma duk itacen da ke da alama ba mai taɓa shi sai an zo gabansa.

Ranar da Goggo ta fara taka shagona ke nan. Ta sauko daga bayan babur tana faɗa da ɗan acaɓar kan gudu, ta shigo ta dubi injin sama da ƙasa.

"Wannan ne abin da ka sayar da tumakina ka sayo?"

"Shi ne, Goggo."

"Allah ya sa albarka. Ni na zaci zai fi haka girma."

Ta kunce bakin zaninta ta fito da wata tsohuwar ƙotar lauje, ta yi baƙi don shan hannu. A jikinta akwai alamar da kakanmu yake ƙonawa da ƙarfe a kan kayan aikinsa da ƙorensa: da'ira, a cikinta zane uku da suka fito daga wuri ɗaya kamar sawun kaza. Ta ce ita take so a jikin ɗorawa. Na ce mata ai gara a rubuta sunanta, kowa ya karanta. Ta harare ni.

"Sunana a bakin hanya, kowane ƙato ya tsaya ya karanta? Ba ka da kunya. Shi ya ba ni, alamarsa za a sa."

Na ɗauki hoton alamar a waya, na tura kwamfuta, na bi layin na gyara. Da farko na yi niyyar yanka mata a tsohon fim ɗin hoton ƙashi, irin wanda muke samowa daga asibiti, don shi yana da tauri, ana wankewa a sake amfani da shi. Sai dai fim yana da sharaɗi. In ka yanke da'ira gaba ɗaya, tsakiyarta faɗuwa take yi, dole ka bar 'yan gadoji da za su riƙe ta, in an fesa sai da'irar ta fito da tsaga-tsaga. Da ta ga haka a fuskar kwamfuta sai ta sa yatsa a kai.

"Wannan ƙofofin fa?"

Na yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Baba bai taɓa barin ƙofa a da'irarsa ba. In injin naka ba zai iya ba, ka ba ni ƙotata in je wajen maƙeri."

Injina zai iya. Na yanka a ledar sitika mai kauri, na tsince layin da tsinke, na shimfiɗa farin salatif mai faɗi a kai ya riƙe tsakiyar da kewayen a wurarensu. Ita sitika sau ɗaya ake amfani da ita, in ka ɓare ta gama aiki, amma da'ira tana fita a rufe ruf. Washegari da hantsi muka je gona. Na kankare ɓawon da adda daidai ƙirjina, tana tsaye a kaina tana cewa in bi a hankali kada in kai ga tsoka. Na manna, na danne da tafin hannu, na janye salatif, na kewaye da tsohuwar jarida, na fesa jan fenti. Da na ɓare, ta matso ta daɗe tana kallo. Ta yi wa kakanmu addu'a, ta ce in ɗauki jaridun kada awaki su ci. A hanyar gida har waƙar daka ta riƙa yi ƙasa-ƙasa, abin da rabona da in ji tun ina yaro.

Yanzu sai in kawo Yaya Babba. Ɗan Baffa ne, shi ne babba a jikoki, kuma shi ke riƙe da gandun tun da iyayenmu suka rasu. Yana awon hatsi, yana da garmar shanu da rabin unguwa ke aro da damina. Mutum ne da ba ya ɗaga murya. Ban taɓa jin ya zagi kowa ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi hulɗa da shi ya tashi da riba ba. Sunan kakanmu aka sa masa, don haka Goggo ba ta faɗin sunansa, Babana take ce masa. Tun yana yaro in ta soya wani abu shi take fara zuba wa, ni da nake ɗakinta sai in jira.

Bayan girbi ya zo shagona, abin da bai saba ba. Ruwa ba ya tsami banza, amma ranar sai na ji daɗi kawai, don na daɗe ina so wani babba a gidanmu ya ɗauki sana'ata da daraja. Ya zauna, ya sha shayin da na aika aka karɓo, ya yaba injin. Ya ce ya ga aikin da na yi wa Goggo, ya tuna masa da tsoho har ya ji ƙwalla. Yana so in yanka masa irinta da yawa, ya sa a buhunan gandu kada su riƙa cakuɗewa da na mutane a kasuwar Dambatta.

Na ce, "Yaya, in buhu ne ai fim ya fi. Guda ɗaya ya ishe ka shekara."

"Wanda da'irar ke fita da tsaga?"

"Shi."

"A'a. Irin na Goggo sak nake so, girman ma kada ka canza. Abin tsoho ba a yi masa gyara."

Zanen yana nan a kwamfuta, danna maɓalli kawai na yi. Na wuni ina tsincewa har idona ya yi ja, na naɗe masa su, na haɗa da gwangwanin jan fenti, na ƙi karɓar ko sisi. Ya sa mini albarka har bakin ƙofa.

Bayan wani ɗan lokaci na je gida ranar Juma'a, na tarar da Goggo tana ta murna. Ta leƙa gona ta ga ko ɗorawa ta fara fure, sai ta ga alamar kakanmu a jikin kowane itace da ke gandun: tsamiya, kuka, gawo biyu, har da 'yar kanyar da ke bakin iyaka.

"Babana ne ya sa," in ji ta. "Ka ga mai hankali. Yanzu ba ɓarawon da zai taɓa mana ko reshe. Allah ya yi masa albarka, ya ba shi masu yi masa."

Na ajiye tuwon da ke hannuna. Na tashi na sami Yaya Babba a ƙofar gida yana gyaran mangala, na ce ba buhu ya ce mini ba? Bai ko ɗago ba. Ya ce ragowa ce ta rage, ya ga bai kamata a yi asararta ba, ko akwai laifi mutum ya kare itatuwan kakansa? Na tsaya ina neman laifin da zan nuna da yatsa, ban samu ba. Na koma Makoda raina yana ta ɓaci ba tare da na san da wa zan yi faɗa ba.

Da rani ya yi nisa, Yaya Babba ya kira taron rabon gado. Ya ce 'ya'ya sun yi yawa, gandu ya tsufa, kowa ya san nasa. Wannan ba wanda ya ƙi. Aka taru a gonar da safe: mai unguwa, da malamin da ke rabo da igiyar awonsa, da mu jikoki maza, da 'yan dattawan unguwa. Rana ta fara zafi, mai unguwa da kansa ya ce, "Mu ƙarasa inuwar ɗorawar Goggo." Nan aka shimfiɗa tabarmi. Goggo ta zauna can gefe ta ja mayafi. A samanmu 'ya'yan ɗorawar sun sauko tsala-tsala, kore shar, shekarar ta yi 'ya'ya kamar ba za ta sake ba.

Aka gama maganar ƙasa ba gardama. Goggo ta samu rabonta na 'ya mace, wani siririn yanki can ƙarshen gona wajen da ruwa ke kwanciya. Sai malam ya ce saura itatuwa, su ba a auna su da igiya, sai dai a sayar a raba. Yaya Babba ya ce ai akwai mai saye, ya ma ga itatuwan, duka shida.

Goggo ta ce, "Biyar dai, Babana. Ka haɗa da tawa a lissafi."

Ya juya ya dube ta da ladabi. Sannan ya dubi mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, a tambayi Goggo, alamar da ke jikin itacen nan ta wace ce?"

Mai unguwa ya tambaye ta. Ta amsa da ƙarfinta, har da ɗan alfahari, "Ta Baba ce."

"To kun ji da bakinta," in ji Yaya Babba. "Ga ta can a jikin tsamiya, ga ta a kuka, ga ta a gawo. Duk abin da ke ɗauke da alamar tsoho na tsoho ne. Abin da mamaci ya bari kuwa malam ya fi ni sanin sunansa."

Na miƙe ban san na miƙe ba. Na ce ni na yanka alamar nan, Goggo ce ta zo da ita, don shelar da mai unguwa ya yi aka sa ta, sauran kuwa daga baya ya zo ya yaudare ni da zancen buhu. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba su dace da gaban manya ba. Ya bar ni na gama.

"Ta jikin ɗorawa, wa ya yanka?"

"Ni."

"Ta jikin tsamiya fa?"

"Ni, amma..."

"Hannu ɗaya, inji ɗaya, fenti ɗaya. A je a duba in akwai bambanci ko na ƙwayar gero. Sannan, ranka ya daɗe, yaron nan ɗan ɗakinta ne. In ta ce rana daga yamma take fitowa zai rantse."

Yaro ya ce da ni, ina da mata da 'ya'ya biyu. Wani dattijo ya tashi ya zagaya itatuwan, ya dawo ya ce shi dai bai ga bambanci ba. Ina zai gani? Aikina ne, kuma na iya aikina.

Malam ya tambayi Goggo ko akwai wanda ya ji lokacin da aka yi mata kyautar. Ta lissafa su: Baffa, mahaifina, mahaifiyarsu, wani maƙwabci. Duk suna maƙabarta. Sai ta juya ga wani tsoho da ke zaune a tabarmar gaba, sa'an Baffa, wanda ya sha hawa ɗorawar nan yana kaɗo mata tun suna samari.

"Kai ma ai ka sani."

Tsohon ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Ya ce shi dai ya san ana kiranta da ita, amma bai ji da kunnensa ba, kuma ba ya son ya ɗauki abin da zai tsaya a kai gobe kiyama. Duk wanda ke wurin ya san garmar wa ke shiga gonarsa da damina. Yaya Babba ya ƙara da cewa kira ba mallaka ba ne, masallacin bakin kasuwa ma da sunan wanda ya gina shi ake kiransa. Cin da ta yi shekara da shekaru kuwa an yafe mata duniya da lahira, ba wanda zai ce ta biya. Wallahi haka ya ce, an yafe mata, kuma wasu suka gyaɗa kai suna cewa ya kyauta.

Goggo ta ce a karɓe yankin ƙasar da aka ba ta, a bar mata itacen. Yaya Babba ya ce ɗorawar a tsakiyar rabonsa ta faɗo, inuwarta tana kashe gero, kuma mai sayen saboda ita ya yarda ya haɗa da ƙananan. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce zumunci ya fi itace, a yi haƙuri, a shafa fatiha. Aka shafa. Ban ɗaga hannuna ba, kuma har yau ban ga dalilin da zai sa in ɗaga ba.

Na ce mata mu tafi kotu. Ta ce ba za ta tsaya gaban alƙali da mai sunan mahaifinta ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na turo matata ta gwada, duk a banza. Abu ɗaya kawai ta ce za ta roƙa, kuma ta sa na raka ta. Muka sami Yaya Babba a zaure yana cin abinci. Tsohuwar da ta goya shi ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Babana, na haƙura. Amma ka ga ta ɗauki 'ya'ya. Ka bari su nuna in kaɗe, sannan a sare. Ba zai kai wata ba."

Ya tsame hannu daga kwano. "Haba Goggo, tashi mana, kada ki sa ni cikin zunubi. Da ta ni ce, ko shekara sai a bari. An riga an yi magana da mutane, motarsu jibi za ta zo. Kin san ni ba na saɓa alkawari."

Ya sa aka kawo mata fura. Ta karɓa ta yi godiya. Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi a zauren nan ba, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne godiyar.

Ranar da motar ta zo ban buɗe shago ba. Tun da safe ƙarar injin ta cika ƙauyen, matar Yaya Babba kuma ta aiko ɗakin Goggo a sammata daddawa, za ta yi wa ma'aikata miya. Na ce a koma a ce babu. Goggo ta ce in rufe mata baki, ta buɗe tukunya ta bayar. Ƙananan itatuwan ma'aikatan suka fara sarewa. Sai da rana ta take suka zo kan ɗorawa, suka daɗe a kanta, injin yana shiga yana tsayawa, suna zuba masa mai suna tsaki. Ina tsaye a kan iyaka lokacin da ta tafi. Ƙasa ta girgiza har cikin ƙafata, tsuntsaye suka watse, wurin ya yi wani irin haske da ban san gonarmu da shi ba.

Ban san Goggo ta biyo ni ba sai da na gan ta da kwando. Ba ta dubi kututturen ba. Ta wuce kai tsaye wajen rassan da ke kwance, ta sunkuya ta fara tsinkar 'ya'yan. Ɗanyu ne, kalwar ciki ba ta yi ƙwari ba, ni da ita duk mun san ba za su yi daddawa ba. Ta ce wataƙila in an shanya a samu na miya ɗaya ko biyu. Na sunkuya ina taya ta. Ma'aikatan suka kauce mana, ɗaya daga cikinsu har ya janyo mata wani reshe mai nauyi kusa.

Kwandon ya kusa cika sai ga Yaya Babba tare da wani mai kiwon tumaki daga unguwar gaba, da amalankensa. Ya yi sallama, ya yi wa Goggo sannu da rana. Sannan ya ce, cikin wannan muryar tasa mai sanyi, ganye da 'ya'yan duka ya sayar wa bawan Allahn nan tun jiya, dabbobinsa zai ba.

Mai tumakin ya ji kunya. Ya ce, "A bar wa Inna wannan, ba komai."

"A'a," in ji Yaya Babba. "Kuɗin na magada ne duka, har da marayu a ciki. In ka yafe naka, ni ba ni da ikon yafe nasu. Goggo ta fi kowa tsoron haƙƙi."

Na yi kansa. Ma'aikata biyu suka riƙe ni, ina ta fizga ina faɗin abin da ya zo bakina. Goggo ta kira ni da sunan da take kirana ina yaro, ta ce in bari, mutane suna kallo.

Ta ɗauki kwandon da kanta, ta ƙi yarda kowa ya taya ta, ta kai bakin amalanken ta juye. Wasu 'ya'yan suka maƙale a saƙar kwandon. Ta kifa shi ta bubbuga gindinsa, ta sa yatsa ta zaro na ƙarshen ta ɗora a kan sauran. Ta ce wa mai tumakin Allah ya sa dabbobi su ci lafiya. Sannan ta juya ga Yaya Babba, ta buɗe baki za ta kira shi yadda ta saba, sai ta tsaya. Ta kira shi da sunansa na yanka, sunan da ban taɓa ji a bakinta ba tun da nake, ta ce masa ya duba kwandon ya gani ba ta rage komai ba.